Littattafan Malam Awo

"Riƙe ni ta hammata mana! Ka ɗauka ƙyauren ƙarfe kake ɗagawa?"

Mai Walda ya sassauta hannu yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Malam Awo, maƙwabcinsa na shekara ashirin, ya rame har bai kai nauyin kujerar roba ba. Yau aka sallamo shi daga asibiti, bayan likita ya ja Inna, matar Malam, gefe ya ce su koma gida kawai a ci gaba da addu'a. Mai Walda ya tsallake dakalin ƙofa da shi, ya kwantar da shi a kan katifar da Inna ta shimfiɗa kusa da taga.

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana koyar da aikin lantarki a makarantar koyon sana'a ta gwamnati. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Awo, saboda ko waya za ka yanke sai ya ce, "Ka auna tukuna." Sunan ya bi shi har unguwa, har Inna ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

"Miƙo min kwalin can," in ji Malam, yana nuna ƙarƙashin tebur.

Littattafan rubutu ne guda bakwai a ciki, bangonsu duk baƙin mai da shatin yatsu. Mai Walda ya san su, ya kuma san mafarinsu, shi ya sa ya kawar da kai.

Shekara huɗu da suka wuce Auta, 'yar Mai Walda, ta gama makarantar da sakamako mai kyau. Ta je neman aiki a wani kamfanin da ke haɗa wutar sola. Aka ajiye mata inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, a kan tebur, aka ce ta buɗe ta nuna inda matsala take. Ba ta taɓa ganin cikin inbata ba. Abin da aka koya mata shi ne gyaran tsohuwar rediyo da zanen waya a allo. Ta dawo gida ta rufe ɗaki tana kuka. A ranar Mai Walda ya tsaya a bakin shagonsa, a gaban jama'a, ya ɗaga murya ya ce wa Malam, "Shekara uku kun zaunar da yarinya kuna koya mata gyaran abin da ko kakata ta jefar! Ba ku jin kunya?"

Malam ya juya ya shige gida. Wata biyar suka yi gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Da ya yi ritaya sai aka fara ganinsa kullum da safe da littafi a hammata, yana bin shagunan masu gyaran waya, masu sola, masu firji, da garejin da ake duba mota da kwamfuta. Tambaya ɗaya yake yi musu: "In na kawo maka yaro daga makaranta gobe, me kake so ya iya?" Ya rubuta amsar. Ya yi ta aika wasiƙa ma'aikatar ilimi, shiru, har Inna ta ce masa ƙila awaki ne ke karɓar wasiƙa a can.

Yanzu Malam ya laluba ƙasan matashi ya zaro wata takarda. "Sun amsa. Sun kafa kwamitin sake duba abin da ake koyarwa a makarantun sana'a. Ranar Alhamis za su zauna, sun ba ni minti goma." Ya yi tari, ya huta. "Kai za ka je."

"Ni? Malam, a aji huɗu na tsaya. Me zan ce wa masu digiri?"

"Abin da ka faɗa min a bakin shago."

Mai Walda ya sunkuyar da kai. "Wannan maganar, Malam, ka yafe min. Zafin zuciya ne."

"Zafin zuciya ne, amma gaskiya ce. Na san abin da nake koyarwa ya tsufa. Ina gani, ina shiru, ina bin abin da aka rubuto mana daga sama. Da ba ka kunyata ni ba, da har na mutu ina cewa ba laifina ba ne." Ya yi ɗan murmushi. "Sai dai ka cire zancen kakarka. Ba su san ta ba."

Inna ta yi dariya daga bakin ƙofa, sai kuma ta juya ta fita da sauri, tana share ido da gefen mayafi.

Litinin da Talata Mai Walda bai kunna injin walda ba, don kada ƙarar ta dami mara lafiya. Auta, wadda yanzu take sayar da kayan waya a wani shago, ta riƙa zuwa bayan ta tashi aiki tana karanta littattafan a bayyane, Malam yana gyara mata da ido a rufe. "A'a, mai firji ne ya faɗi wannan, ba mai sola ba. Duba da kyau, 'yata." Wani wurin sai ya ɗaga yatsa ya ce ta ja layi.

Ranar Laraba da hantsi Inna ta kawo masa ruwa. Ya kurɓa sau biyu, ya ce a ɗaga labule yana son ganin titi. Mai Walda yana zaune a gefensa. Wata motar kaya ta wuce, ɗauke da faya-fayan sola an ɗaure su da igiya. Malam ya bi ta da ido har ta sha kwana. Bai sake magana ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Washegari Mai Walda ya sa rigarsa mafi kyau, wadda tartsatsin walda bai huda ba. Inna da kanta ta miƙo masa kwalin a bakin ƙofa, Auta tana tsaye a gefensa za ta raka shi. "Ku je," ta ce. "In kuka fasa, ba zan iya zama a ɗakin nan da kwalin nan ba."

Ɗakin taron yana hawa na biyu, da dogon tebur da fanka mai ƙara. Mutum tara ne zaune. Shugaban kwamitin ya kira sunan Malam, ya ɗago kai yana nema.

"Ya rasu jiya, ranka ya daɗe," in ji Mai Walda. "Ni maƙwabcinsa ne."

Aka yi masa gaisuwa. Shugaban ya ce ai sai ya ajiye takardun wajen sakatare.

"Ranka ya daɗe, minti goma kuka ba shi. A bar ni in ci biyar."

Duk abin da ya tsara a hanya ya gudu daga kansa. Sai ya nuna Auta. Ya ba da labarin inbatar, da kukan da ta yi, da cin mutuncin da ya yi wa dattijo a gaban jama'a. Ya ce shagon mutum ɗari da sha biyu Malam ya taka da ƙafarsa, da ciwon a jikinsa. Daga nan sai Auta ta buɗe littafi na uku ta karanta inda aka ja layi: "Mai sola ya ce, a kawo min yarinya ko yaro da ya taɓa riƙe abin da hannunsa ko sau ɗaya, ni zan ƙarasa sauran."

Wani a ƙarshen tebur yana latsa wayarsa. Shugaban ya duba agogo. Amma wata mata mai tabarau ta miƙo hannu ta karɓi littafin, ta yi ta buɗa shafi, baƙin mai yana ɓata mata yatsu.

"Bakwai ne?" ta tambaya. "Ku bar min su duka. Ke kuma rubuta min lambarki. Wata mai zuwa za mu zagaya makarantun, ina so ki nuna mana ɗakin da aka koyar da ku."

Ba su samu alkawarin komai ba bayan wannan. A mota Auta ta ce, "Baba, kana ganin za su canza?" Ya ce bai sani ba.

Da suka iso layinsu rana ta yi sanyi. Masu gaisuwa sun ragu, saura takalma 'yan kaɗan a ƙofar Malam. Inna tana tsakar gida a kan tabarma.

"Sun saurara?"

"Mutum ɗaya ta saurara, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta jawo butar shayi ta zuba kofi biyu, kamar yadda hannunta ya saba kowace yamma. Sai ta tsaya tana kallon na biyun. Mai Walda ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarmar, ta tura masa kofin gabansa.