Ƙwallayen Gilashi a Bayan Madubi

Orpha Tackett ta zube ƙwayoyin maganin a kan teburin kicin, ta jera su da ɗan yatsa. Sha ɗaya. Ranar Laraba guda sha tara ne, kuma huɗu kacal mijinta Delmer ya sha. Daga ɗakin ciki tana jin tarinsa, tarin wanda ya yi shekara talatin a ramin kwal, ga bayan da aka yi wa aiki. Likita ya riga ya ce ba zai ƙara masa ko ɗaya ba sai wata ya ƙare, don rabin garin nan da ciwon baya suke zuwa masa.

Tun da aka sallamo Delmer masu dubiya ba su yanke ba. Kowa da kwanon abinci a rufe, kowa kuma kafin ya tafi sai ya ce bari ya ɗan shiga banɗaki. A wannan kwarin ba a hana baƙo banɗaki.

Zuciyarta ta tsaya a kan Coy, ɗan ƙanenta, wanda ya taɓa zaman gidan yari saboda ƙwaya.

*

Ranar Lahadi, kafin a taso daga coci, ta zura kwalbar maganin a aljihunta. Ta ɗauko gwangwanin ƙwallayen gilashin da 'yarta Darla ke wasa da su tana ƙarama, ta juye su a akwatin magani da ke bayan madubin banɗaki, inda kwalbar ke zama, ta rufe a hankali. Duk wanda ya buɗe, gidan gaba ɗaya zai ji.

Su uku suka zo cin wake da burodin masara: Coy, da maƙwabciyarta Verna, da Darla, wadda ke aikin jinya a gidan tsofaffi.

"Gwaggo, wannan kallon fa?" in ji Coy. "Tun da na zauna kike bin hannuna da ido. Ba zan haɗiye miki cokali ba."

"Ramewa na ga ka yi."

"Girkin kaina ne. Wata tara ke nan ban taɓa komai ba, tambayi fasto."

"Faston da ko sunanka bai riƙe ba?" Verna ta ce, tana dariya.

Can Coy ya miƙe ya nufi banɗaki. Orpha ta daina tauna. Ta ji ƙarar ruwa, ta ji an buɗe ƙofa, ya dawo yana goge hannu a wando. Verna ma ta shiga ta fito. Shiru.

"Mama, bari in wanke hannu in duba wa Baba ɗinkinsa," in ji Darla.

Orpha ko kai ba ta ɗaga ba, tana yanka burodi.

Sai ƙarar ta zo, kamar ƙanƙara a kan kwano.

Gidan a jikin dutse yake, daɓensa ya daɗe da karkata wajen kicin. Ƙwallayen suka fito ta ƙarƙashin ƙofar banɗaki, suka gangaro ɗaya bayan ɗaya. Verna ta zuba wa farantinta ido. Coy ya dubi gwaggonsa sau ɗaya.

"Orpha, me ya faɗi?" Delmer ya kira daga ciki.

"Ba komai, tsoho. Kwanta."

Wani shuɗin ƙwallo ya tsaya a bakin takalminta, wanda Darla ke kwana da shi a hannu tana 'yar shekara bakwai. Orpha ta taka shi don kada ya wuce. Ƙofar banɗakin tana nan a rufe, famfo na zuba.