Wanda Ya Riƙe wa Lemuel Ƙarfe

Duk wanda ya tashi a duwatsun Virginia ta Yamma, a ƙasar Amurka, ya san waƙar Lemuel Mai Guduma. Wai ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga coci, kuma shi kaɗai ya huda dutse jirgin ƙasa ya wuce. Tsoho Ephraim Tolliver in ya ji ta sai ya ja tsaki, domin shi ne ya riƙe wa Lemuel ƙarfe suna fursunoni, zamanin da gidan yari ke ba kamfanin jirgi hayarsu.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya durƙusa ya riƙe dogon ƙarfe a jikin dutse yana juya shi, ɗayan yana maka masa guduma har a samu ramin cusa nakiya. Waƙa ce ke gaya wa mai riƙo lokacin da guduma za ta sauko.

Yanzu ga jikansa Cleon ya samu aikin guduma a sabon ramin jirgi da ake hudawa cikin dutse, shi ke ba da waƙa ma. Ran Lahadi bayan coci ya zo cin wake da burodin masara, yana cika baki yana tari.

"Kaka, ka ji an fara ce mini Lemuel Ƙarami? Mun bar kowa a baya!"

"Purvis mai riƙe maka fa?"

"Babban yatsansa ya fashe. Ba shi da sauri, an ba ni wani."

Ephraim ya zuba masa ido. Wannan tarin ya san shi, ya binne masu yin sa da yawa, kuma Cleon kaɗai ya rage masa. Ya ɗauko tsohon ƙarfensa da guduma, ya ja jikan zuwa dutsen bayan gida, ya durƙusa da ƙyar.

"Buga, sarkin ƙarfi. Da waƙarka, yadda kake yi a can."

"Haba Kaka, ka bari mana."

"Au, Lemuel ɗin tsoro yake ji?"

Cleon ya ɗauko waƙar a guje, ya ɗaga guduma, sai idonsa ya sauka kan busassun hannuwan kakansa. Ya dakata, waƙar ta yanke. Tsohon ne ya karɓe ta, ya ja ta a hankali, da wurin numfashi bayan kowane layi. A haka Cleon ya buga, ƙarfe na juyawa, gudumar ba ta kuskure ba.

"Haka Lemuel ke yin ta," in ji Ephraim. "Ɗan mitsitsin mutum ne, bai kai kafaɗarka ba, bai taɓa tsere da kowa ba. In shugaban aiki ya matsa mana, sai ya ja waƙar, dole kowace guduma ta jira shi. In an tashi nakiya kuwa, ya yi ta ƙirƙiro baiti a bakin rami har ƙura ta kwanta. Shi kuwa ƙurar ta riga ta cika masa ƙirji tun kafin mu zo. A shimfiɗa ya mutu, yana tari irin naka."

"To don me ake masa waƙa?"

Ephraim ya buɗe tafukansa, yatsu cif, babu wanda ya karkace.

"Mu da muka fito da rai muka yi masa. Tsawo da sauri mawaƙan mashaya ne suka ƙara."

Cleon ya ajiye gudumar a hankali, ya tafi.

Washegari Ephraim ya dogara sanda har bakin ramin da Cleon ke aiki. An tashi nakiya, farar ƙura na fitowa, leburori na tsaye a waje. Shugaban aiki yana ta daka tsawa a shiga. Daga tsakiyarsu muryar Cleon ta tashi a hankali, ta kai ƙarshen baiti, ta kama wani sabo wanda tsohon bai taɓa ji ba. Babu wanda ya motsa.