Reshen Mangwaro da Bakin Salansa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Mai Ƙanƙara da na ƙanwarsa mai ɗinki, tun da aka raba musu gadon uba. A jikin katangar nan ya kafa janaretansa, ƙato mai shan dizal, bakin salansa, bututun fitar hayaƙin, yana kallon tagar ɗakin Auta, 'yar ƙanwar tasa. Labulen tagar ya koma baƙi ƙirin. Ƙirjin yarinyar ya fara kuka kamar an matse ɗan kyanwa.

Mai ɗinki ta je ta durƙusa, ta roƙi yayanta ya juya bututun. Ya ce in aka lanƙwasa shi injin zai shaƙe, ƙanƙara ta narke. Ta koma da maganar likita. Ya yi dariya, ya ce hayaƙi bai taɓa kashe kowa ba, yarinyar ce raguwa kamar ubanta. Uban kuwa ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ba ta ƙara taka gidan ba. Ta mayar da gadon Auta ɗakin ɗinki, hayaƙin ya bi su har can.

Ana nan dizal ya yi tsadar da ta fara cinye sana'ar. Sai gwamnati ta fito da tallafin sola ga masu sana'a, ita za ta ɗauke mafi yawan nauyin, muddin rufin mutum yana shan rana. Ma'aikacinsu ya hau rufin Mai Ƙanƙara, ya sauko yana girgiza kai. Babban reshen mangwaro ya rufe shi da inuwa, in ba a sare ba, babu tallafi. Mangwaron kuwa a tsakar gidan mai ɗinki yake.

Ranar ya shigo da doguwar sallama, yana ta ƙanwata ƙanwata, har da tambayar jikin Auta. Ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba sai da ta kai ƙarshen ɗinkin, ta yanke zare da haƙori.

"Za a sare, Yaya, ranar da motar masu sola ta tsaya a ƙofarka. Kafin nan ka juya salansa ta kalli tagar ɗakinka. Na ga ta karkace ko kaɗan, reshen nan sai ya ga jikokinka."

Ya ce ai injin zai shaƙe. Ta ce to ya shaƙe. Washegari mai walda ya zo ya lanƙwasa bututun, injin kuma ko tari bai yi ba.

Aikin gwamnati ba ya sauri. Damina ta wuce, mota ba ta zo ba. Kashe injin kuwa ba zai yiwu ba, don ƙanƙara ba ta jiran kowa. Ta tsallaken katanga mai ɗinki ta fara jin tarinsa, da fari busasshe, daga baya mai nauyi daga can ƙasan ƙirji. In ya fara, sai ta tsayar da keke don ta ji sosai.

Auta, da numfashinta ya fara daidaita, ta ce Kawu yana ba ta tausayi. Uwar ta ce ta adana tausayinta, zai yi mata amfani wani wuri.

Sai matar yayan ta shigo, ido jawur. Ta ce ba ya iya kwanciya sai a zaune, ta roƙa don zumunci a bari ya ɗaga bututun sama, kowa ya huta. Mai ɗinki ta san hakan zai yiwu, ta kuma san tun farko zai yiwu. Ta ba ta kujera, ta kawo mata ruwa, ta jira ta sha.

"Yaya ne ya ce min hayaƙi bai taɓa kashe kowa ba. Ni kuwa ban taɓa ƙaryata babba ba. A bar shi inda yake."