Gurun Jabir a Wuyan Maccido

Maccido ya buɗe ɗakin awon jiki a Illela, a bakin hanyar Ƙonni, da na'ura ɗaya da dokoki biyu. Na'urar kamar gado take: mutum ya kwanta, wani hannu ya bi ta samansa a hankali, sai ta faɗi yawan kitsensa da tsokarsa da ƙashinsa. Shi ya fara hawanta. Abin da ta ce game da tumbinsa bai taɓa gaya wa kowa ba, amma tun ranar ya yarda ba ta ƙarya. Dokokin kuwa, mai juna biyu ba ta hawa, ƙarfe ma ba ya hawa.

Sai dai kasuwa ta ƙi buɗewa. Mutanen Illela sun saba auna wake da albasa, ba su ga dalilin auna kansu ba. Don haka da Alhaji Lawwali, dillalin shanu mai riƙe da 'yan kokawa, ya shigo da wani ƙato a bayansa, Maccido ya ji kamar an yi ruwan farko.

"Wanga shi ne Jabir na Tozai, babban ɗan wasana," in ji Alhaji. "Kwana biyu ƙarfinai ya ja baya. Duba muna mi ya faru. In aikinka ya yi kyau, sauran yarana duk nan za su zo."

Jabir ya tuɓe riga. Ga guru a ƙugunsa, na baƙar fata, jere da zobban ƙarfe. Ga kambu a damtse, shi ma da nasa ƙarfen.

"Sai an cire waɗanga," in ji Maccido.

"Mi?"

"Gurun da kambun. Na'ura ba ta san laya ba. In ta ga ƙarfe sai ta sa shi cikin ƙashi."

"To ta sa mana," in ji Alhaji. "Yawan ƙashi laifi ne?"

Jabir ya yi bayani a hankali. Gurun na kakansa ne. Ba ya taɓa ƙasa, ba a rataye shi a ƙusa, ba ya zama sai a jikin mai rai. Maccido ya dubi Alhaji. Alhaji ya ja da baya, ya ce shi tun da ya sauke farali ya bar sa irin waɗannan abubuwa, yana dai ciyar da masu sa su.

"Malam, danna abinka hakanan," ya ƙara, yana kaɗa makullin mota. "Wa zai sani?"

Maccido ya dubi bencinsa, wanda ƙura kaɗai ke zama a kai. Ya dubi makullin. Ya ce, "Ni zan sani, Alhaji. Ba ni ba ku awon ƙarya." Sannan ya juya ga Jabir. "Ka ce jikin mai rai ko? To ni ma da sauran raina. Kawo."

Aka zo ɗaura masa guru, ko rabin tumbin bai zagaya ba. Kambun kuma ya zame daga damtsensa har wuyan hannu. Alhaji ya yi dariya har da dafa bango. Ƙarshe aka rataya masa gurun a wuya, yana tashin warin gumi da tsohuwar fata. Haka ya zauna gaban kwamfuta, kai a miƙe, kamar ragon da aka yi wa ado.

Jabir ya kwanta a kan na'ura, hoto ya fito tas. Maccido ya nuna da yatsa: tsokar cinyar hagu ta rame, ba ta kai ta dama ba.

Jabir ya sunkuyar da kai. "Nan na gurɗe bara a Amarawa. Ban faɗa ma kowa ba."

Alhaji ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya dubi Maccido da gurun da ke lilo a ƙirjinsa.

"Ranar Lahadi zan kawo sauran," ya ce. "Kowa da nashi guru, wani ma biyu gare shi. Wuyanka zai ɗauka?"

Maccido ya gyara zaman gurun kamar mai gyara rawani.

"Ku dai zo, Alhaji. Wuyan ma na ɗakin awon ne."