Abin da Rodney Ya Goge

Mijina Clive bai taɓa yarda a ɗauki muryarsa ba. Fiyano ne aikinsa a ƙungiyar Ashgrove Lantern, masu irin kiɗan nan da waƙa guda ke cinye rabin awa, kuma ko a rediyo aka gayyace su bakinsa ƙum. Da ya mutu bara na birkice gidanmu na Bristol, ban sami ko "sannu" ɗaya da muryarsa ba.

Shi ya sa na kusa faɗuwa ranar da Rodney, mai jita kuma shugabansu, ya kira ya ce an tsinci faifan wasan Sheffield na 1973 a rufin gidan wani tsohon direbansu. Ina wurin a wasan nan. Ana tsakiyar waƙa fiyanon Clive na lantarki ya mutu murus. Maimakon ya tsaya, sai ya jawo makirufo ya rera sashensa da baki, da muryar nan tasa mai kaushi, jama'a suka kama masa har zauren ya ɗauka. Wannan kawai nake so in sake ji.

Irin tsofaffin faya-fayan zaren nan sai an gasa su a tanderu kafin a kunna, in ba haka ba su manne. Ko an gasa, wani sau ɗaya yake juyawa ya marmashe. Kowane kayan kiɗa da layinsa a jikin zaren, injiniya na kwafe su ɗaya-ɗaya.

Ranar ƙaddamar da sabon faifan aka tara mu a bayan wata mashaya, tsofaffi masu sanƙo da jelar gashi sun cika wurin. Aka kunna. Na riƙe kofin shayina da hannu biyu ina jira. Aka zo daidai inda fiyanon ya mutu. Fiyano ne ke tafiya sumul, ba ko gargada.

Na ture kujera na nufi Rodney.

"Ina muryar mijina?"

"Haba Maureen, zauna mana. Ai gyara muka yi. Kowa na gyara faifan wasa, ke ma kin sani."

"Wa ya kaɗa wannan?"

"Wani ƙwararre daga Landan. Ya yi nazarin hannun Clive sosai, ko ke ba za ki..."

"Ko ni? Kai, tsohon banza! Kai ne za ka gaya mini hannun mijina?"

"Mutuncinsa na kare! Gurnani yake yi fa, Maureen. So kike duniya ta yi masa dariya?"

"Mutuncinka dai. Tun kuna samari ka tsani ranar nan, don shi aka tafa wa, ba kai ba."

Na juya ga injiniyan, wani mai suna Gareth da ke ɓuya a bayan kofin giyarsa. Na ce ya ba ni kwafin asali, wanda ba a taɓa ba. Ya kalli Rodney, ya kalli ƙasa.

"Rodney ne ya ce layin makirufon nan hayaniya ce kawai, kada in kwafa. Zaren kuma ya marmashe a juyin farko. Ki yi haƙuri."

Ban taɓa jin tsanar mutum kamar yadda na ji ta Rodney a lokacin ba. Faifan ya jure shekaru a cikin danshi da ɓeraye, ya iso hannunsu lafiya, shi kuma ya kashe shi da gangan don ya ji daɗin kunnensa.

Ina neman rigar sanyina in fita sai wani dattijo ya tare ni, idonsa cike da hawaye, sabon faifan a ƙirjinsa.

"Ke ce matar Clive? Ina Sheffield a ranar, a layin gaba. Yadda ya kaɗa fiyanon nan a tsakiyar waƙar, haka nake tunawa da shi, daidai wa daida."

"Bai kaɗa ba," na ce. "Rerawa ya yi. Kai ma ka rera tare da shi."

Ya dube ni da tausayi, ya dafa hannuna.

"An daɗe, 'yar'uwa. Mantuwa ba ta bar kowa ba."