Shanun da Banki Bai Gani Ba

Na'Allah bai iya karatun boko ba, amma yana ganin fuskar Malam Ishaya, akawun banki, ya san babu labari.

"Ba a amince da rancen ba, Alhaji," in ji Ishaya, yana tura masa takardar.

Na'Allah ya gyara zama. Shi falken shanu ne a Ƙofar Dundaye. Tun da kuɗin mai ya shigo gari kowa ke sayen babbar mota, shi ma ya nemi rance domin ya sayi tasa don kai dabbobi kurmi. Jinginar da ya bayar ita ce shanunsa arba'in da ke hannun makiyayinsa, Mode. Su kaɗai babban fari ya bar masa.

"To, mi ya hana?"

"Ni da kaina aka aika in ga shanun. Na je rugar Mode shekaranjiya. Ya ce ba ka da ko maraƙi a wajensa. Na duba, tsofaffin shanu uku kawai na gani, su ma ya ce na uwarsa ne."

Na'Allah ya ji kujerar na juyawa da shi. Wa ke ta rance kuma? Shekara goma sha biyu Mode na riƙe masa dabbobi, ko ƙaho bai taɓa ɓata ba. Sayarwa ya yi? Ciwo ne ya shiga garken ya ɓoye masa? In shanun nan sun tafi, to shi da iyalinsa sun tashi.

"Ɗauko babur ɗinka, Malam."

"Alhaji, ina bakin aiki..."

"Aikin ke nan! Tashi!"

Suka fice daga gari, suka bi hanyar fadama, Na'Allah a baya yana ta salati, babbar rigarsa na kaɗawa. Sau biyu yashi ya kusa kayar da su. Suna isa ruga ya diro tun babur bai tsaya ba. Ga turaku nan, ga igiyoyin maruƙa, babu garke.

Mode ya fito daga bukka da sandarsa a kafaɗa. Da ya hangi Ishaya sai ya ja Na'Allah gefe, ya rage murya.

"Maigida, har kai ya kamo? Kada ka hwaɗi komi. Na gama da shi."

"Ina shanuna, Mode?"

"A hankali mana! Wanga mai jangali ne. Ya zo da littafi da alƙalami bayan kunne, wai shanun Na'Allah nawa ne. Ni yaro ne? Na ce ban san zancen ba. Dama suna wajen kiwo, tun ranan na sa aka ƙetara da su gulbi."



"Ni na yi kama da mai karɓar harajin shanu?" in ji Ishaya, wanda ya ji komai.

"Duk mai wando tsuke da ke son ƙidayar saniyar wani, mi za a kira shi?"

"Banki ne, Mode! Banki!" in ji Na'Allah. "Ni na aiko shi!"

"To ai ba ka aiko ka hwaɗa mini ba."

Gaskiya ce, bai aika ba. Na'Allah ya tattare riga ya nufi gulbi, suna biye. Ruwan iya gwiwa ne, ya shiga da takalmansa. Yana haurawa gaɓa ya gan su a cikin ciyawa, farare da jajaye, sun yi ƙiba har tozonsu na rawa, ga sababbin maruƙa biyar da bai ma san da su ba.

Ya zauna daɓas a cikin laka, yana dariya, hawaye na zuba.

Ishaya ya ƙaraso yana matse ƙafar wando. "Alhaji, ka sani fa, an riga an rufe fayil. Sai baɗi za ka iya sake nema."

"Allah Ya kai mu baɗin," in ji Na'Allah, idonsa na kan garken. "Mode, jan bijimin can, yaushe ya yi wannan girma?"