Suna Goma Sha Ɗaya a Jikin Dutse

Ranar da labarin ya zo, Husaina tana durƙushe tana goge daɓen falo a gidan da take aiki a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira. Waya ta yi ƙara a aljihunta, ta ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Harun ne, ƙanen mijinta marigayi, yana kira daga Hillat Bako, ƙauyensu na bakin kogi a Sudan.

"Matar yaya, sai haƙuri. Abba ya riga mu gidan gaskiya."

Ta tambaye shi a ina. Ya ce a bakin gada. 'Yan bindigar da suka mamaye yankin sun zo za su shiga gari, samari suka tare su tun hantsi har la'asar, suka kora su. Goma sha biyu ne ba su dawo gida ba. Ta ce to. Ta ƙarasa gugar, ta matse tsumma ta shanya, sannan ta zauna a ƙasa.

Abba ɗanta ne na fari, kuma Abba ba sunansa na yanka ba ne. Sunan kakansa aka sa masa, mahaifin mijinta, saboda haka duk gidan ba mai kama sunan, balle ita. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa furta shi ba. A ɗakin kakarsa ya girma. Ko ranar da ya rako ta bakin mota za ta gudu Masar, ya ce shi ba inda za shi, ba ta kalli fuskarsa ba don akwai mutane a wurin. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "A dai riƙa cin abinci."

Uwar ɗakinta, Madam Radka, tsohuwa ce 'yar ƙasar Bulgeriya. Aure ya kawo ta Alƙahira tun tana budurwa, mijin ya mutu, ta zauna. Larabcinta a karye, na Husaina irin na Sudan, amma suna fahimtar juna. A bangon falonta akwai hoton wani farin dutse mai tsayi a tsakiyar ƙauye, an rubuce jikinsa. Duk Talata Husaina ke goge ƙurar hoton, ba ta taɓa tambaya ba sai bayan rasuwar Abba.

"Mazan ƙauyenmu ne da suka mutu wajen ƙwato ƙasa daga hannun Turkawa," in ji tsohuwar. Ta ɗora yatsa a layi na huɗu. "Wannan kakan kakana ne. Ko kabarinsa ba a sani ba. Amma duk shekara ana taruwa a kira su ɗaya bayan ɗaya."

Husaina ta daɗe tana kallon layin.

Bayan shekara guda, da aka kori 'yan bindigar daga yankin, Harun ya kira ya ce 'yan garin da ke aiki a Saudiyya sun haɗa hannu za a kafa dutse a bakin gada. An ɗauko wani malamin makaranta, Balarabe daga birni, ya tattara sunaye. Kowace uwa ta aika masa da saƙon murya ta faɗi ɗanta.

Husaina ta yi wanka, ta ɗaura sabon mayafi kamar za ta gaban alƙali, ta zauna a ɗakinta na unguwar Hayyin Ashir ta danna wayar. Ta ce, "Ni ce Husaina, matar marigayi Hamad. Yaron nan da ake ce wa Abba, nawa ne. Yana cikin waɗanda suka tsaya a gada." Ta aika. A ganinta ta faɗi fiye da abin da ya kamata uwa ta faɗa.

Wata biyu bayan haka hoton dutsen ya shigo wayarta tana cikin motar haya, an matse ta tsakanin wata mai buhun albasa da taga. Karatunta bai wuce na allo ba, amma ta san baƙin da sunan ya fara da shi. Ta buɗe hoton da yatsu biyu ta bi layi-layi. Ba ta gan shi ba. Ta ƙirga: goma sha ɗaya. Ta sake ƙirgawa har mota ta wuce inda za ta sauka.

A bakin titi ta kira Harun.

"Nawa suka mutu a gada?"

"Matar yaya, ai ko gaisuwa..."

"Nawa suka mutu?"

Ya soma bayani. Abba biyu ne a cikin mamatan, nata da na gidan Fadl mai jirgin ruwa. Malamin bai san yadda ake yi a garin ba, ya ɗauka mutum ɗaya ne aka faɗa sau biyu. Uwar wancan ta kama sunan ɗanta tsaf, don shi na uku ne a wurinta. Shi aka rubuta.

"Kai kana ina?"

"Ya tambaye ni, na ce masa mai sunan Baba ne. Na ɗauka ya gane. Ni ma ai sunan mahaifina ne, ta yaya zan..."

"Kai ka riƙe ƙafar ragon sunansa, Harun. Kai ka ci kan ragon. A ranar bakinka bai yi nauyi ba."

"Ma'alish, ki yi haƙuri. Kowa a garin nan ya san Abba yana ciki."

"Kowa ɗin nan zai mutu. Kai ma za ka mutu, da wannan tumbin naka."

Ya ce mai sassaƙar ya riga ya koma birni, kuma ƙasan dutsen an cike shi da addu'a, babu fili. Ya ce shahidi ba ya bukatar dutse, Allah ya san nasa. Ta ce in haka ne a kankare sauran goma sha ɗayan, Allah ai ya san su su ma. Ta kashe wayar.

Da ta isa wurin aiki ta shiga wanke-wanke kamar tana faɗa da tukwanen. Haushin Harun take ji, da na malamin da bai iya tambaya sau biyu ba, da na surukarta da ke kabari, wadda ta taɓa dukan hannunta don ta gan ta tana shafa kan jaririn. Wanda ya fi cin ta kuwa nata ne. Faranti ya fashe a hannunta. Madam Radka ta dogaro sanda ta leƙo, Husaina ta nuna mata hoton, ta faɗa mata komai.

Tsohuwar ta kasa ganewa. "Ba ki son shi ne?"

"Kunya ce, Madam. Haka muke yi."

"Kunyar wa? Kakan ya mutu, mijinki ya mutu, yaron ya mutu." Ta jawo takarda da biro daga kan firij. "Yalla, maza faɗa mini in rubuta. Ya sunansa?"

Husaina ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta ji kamar an ce ta tuɓe a tsakiyar kasuwa. Tsohuwar ta tsaya da biro a hannu tana jira, ba ta kau da kai ba.

Ba Madam ta faɗa wa ba. Ta fita baranda, ta rufo ƙofa, ta kira Harun. Yana ɗauka ta ce, "Jibrin. Jibrin ɗan Hamad ɗan Jibrin."

Sunan ya fito kamar ba da muryarta ba.

"Subhanallahi, matar yaya. Ke da bakinki?"

"Ni da bakina. Ni na haife shi. Ka ji ko in maimaita?"

Ya ce ya ji. Ya ce za a duba, wataƙila a gefen dutsen, in damina ta wuce hanya ta buɗe.

Damina ta wuce, wata ma ta wuce, layi goma sha ɗaya ne har yau. Matan garinsu da ke unguwar Ainu Shams sun ji abin da ta yi, wasu sun ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ba ta kula su.

Kullum da safe, tana tsaye a tasha tana jiran motar Madinat Nasr, sai ta ciro wayar, ta danna wa Harun saƙon murya. Ba gaisuwa, ba tambayar iyali. Sunan kawai take faɗa, sau ɗaya, a fili, ko da wa ke tsaye kusa da ita. Alama tana nuna mata ya saurara. Ba ya amsawa. Sai ta mayar da wayar aljihu ta shiga mota.